Birkin Hannu Na Iska: A Bi Tiyo Kafin A Sayi Bawul

 A wannan fitowa za mu ɗan ajiye maganar farashi da canjin sefa, mu leƙa ƙarƙashin mota. Wani zai ce, ina ruwan falke da tiyon iska, ai wannan aikin makanike ne? To, haka mu ma muke cewa a da, sai da abin ya ci mana bijimai biyu, ya kuma kusa cin rai a Mamobi, sa'an nan muka shiga taitayinmu.

Dattawanmu sun sani, ita kanta Nima shanu ne suka kafa ta. A farkon shekarun 1930 ne Malam Amadu Futa, wanda shi ma falken shanu ne, ya sami izinin wannan fili daga gidan Odoi Kwao, domin shanun da aka koro daga arewa su riƙa hutawa suna kiwo kafin a kai su kasuwa. A wancan zamani saniya da ƙafarta take zuwa, in ta gaji a tsaya, in ta ji ƙishi a nemi rafi. Yau kuwa a atikulata take zuwa. A loda a Puitenga ko Fada Ngurma, a shigo ta Paga ko ta Kulungugu, a bi Bolga da Tamale, a haye gadar Yapei da ta Buipe, a wuce Kintampo da Techiman da Kumasi da Nkawkaw da Nsawam, har a sauke a Turaku da ke Ashaiman. Daga Paga kaɗai tafiyar ta fi kilomita 800. Kuma duk tsawon wannan hanya dabba a tsaye take, a matse, ba ci ba sha na kirki. Mai siminti in motarsa ta lalace sai ya shimfiɗa tabarma ya jira. Mu kuwa kowace sa'a da mota ta yi a tsaye cikin rana, daga jikin dukiyarmu ake cire ta.

ABIN DA YA SAME MU

Ana saura 'yan kwanaki Babbar Sallah muka yi haya da wata tsohuwar mota ƙirar Turai, muka loda ta. Tafiya ta yi kyau har muka baro Kumasi. Da asuba direba ya tsaya aka yi salla, ya ja birkin hannu ya kashe inji. Da aka dawo ya tayar, geji ya hau, amma yana sauke birkin hannu sai muka ji "fuuu" daga ƙarƙashi, iska na tsiyaya, allurar geji na komawa baya, ƙafafun baya kuma sun ƙi saki sosai.

Aka kira wani fita na bakin hanya. Ya shiga ƙasa ya kasa kunne, ya sa hannu ya ji inda iskar ke fita, ya fito ya ce, "Maigida, bawul ɗin rile ne ya mutu, ga shi nan yana hurawa." Aka tura yaro Magazin na Suame ya sayo wani. Kafin ya je ya dawo rana ta take. Aka ɗaura sabon bawul, aka sauke birkin hannu, sai "fuuu" kamar ba a taɓa komai ba. Shanu sun fara kumfa, wani ya durƙusa ana ta jan wutsiya. Da fita ya ga idonmu ya yi ja, sai ya ce akwai dabara. Ya ɗauki sifana ya ɗaure sifirin na tukwanen birki duka biyu, ya toshe tiyonsu, mota ta saki, muka kama hanya muna sa masa albarka. Kafin Nsawam an yanka bijimi ɗaya a cikin mota, na biyun kuma da ƙyar ya kai Turaku, mahauta suka saye shi yadda suka ga dama.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Bayan an sauke kaya direba ya kai motar inda ya saba ajiye ta a gefen titi, can wajen Mamobi, wuri mai ɗan gangare. Ya ja birkin hannu, mota ta tsaya cak, saboda haka bai sa waigi ba, ya tafi gida. Can cikin dare, ba direba ba inji, mota ta kama tafiya da kanta, ta murƙushe teburin wata mai koko ta je ta daki katanga. Da a ce da safe ne, lokacin da yara ke layin koko, da yanzu wani labarin muke bayarwa. Allah Ya kiyaye.

Washegari aka ɗauko wani tsohon masta. Bai sayi komai ba. Ya sa aka kafa waigi, ya mai da tiyo yadda yake, ya kwance tiyo guda ɗaya daga jikin tukunyar hagu, ya ce a sauke birkin hannu. Sai ga iska tana fitowa daga cikin tukunyar. Ya dube mu ya ce, "Alhaji, bawul ɗin da kuka canja ɗan aike ne, lafiyarsa ƙalau. Ɓarawon yana cikin tukunya." Aikin bai kai minti goma sha biyar ba. Tun daga ranar muka ce lalle sai mun fahimci wannan abu, ga kuwa abin da muka koyo.

ISKA BA TA KAMA BIRKIN HANNU, SAKINSA TAKE YI

Wannan ita ce maganar da in an riƙe ta sauran duk mai sauƙi ne. Birkin ƙafa iska ce ke kama shi: ka taka, iska ta shiga tukunya ta tura faifan roba, sanda ta fita ta matse layinin a jikin duram. Birkin hannu kuwa akasin haka ne. A ƙafafun baya tukunyar ɗaki biyu gare ta. Ɗakin gaba na birkin ƙafa ne. Ɗakin baya kuwa akwai wani ƙaton sifirin a ciki wanda ƙarfinsa ya kusa tan guda, kuma kullum so yake ya miƙe ya kama birki. Iska ce ke danne shi mota ta sami tafiya. Idan direba ya ja birkin hannu, ba iska ya tura ba, iskar ɗakin baya ya zubar, shi ya sa ake jin "tuss", sifirin ya miƙe ya riƙe mota.

Masu ƙira da gangan suka yi haka. Tun 1869 da George Westinghouse ya yi rajistar birkin iska na jirgin ƙasa a Amurka, babbar damuwar ita ce: in iska ta gudu fa? Amsar da aka samu a manyan motoci ita ce sifirin, watau in tiyo ya fashe ko kwamfaresa ta mutu, mota ta tsaya da kanta maimakon ta zama ba birki. Saboda haka duk wanda ya ɗaure sifirin, abu biyu ya cire a lokaci guda: birkin ajiye mota, da kuma birkin ceton rai.

To, me ya sa motarmu ta tsaya cak a Mamobi alhali an ɗaure sifirin? A motocin Turai da yawa, in ka ja birkin hannu yana kuma aika saƙo a kama birkin tirela da iska. Tsofaffin tirelolin da ba su da sifirin, iskar nan kaɗai ke riƙe su. Muddin tanki na da iska mota a tsaye take, direba ya ɗauka lafiya. Iska na gama tsiyaya, shi ke nan.

HANYAR DA ISKA KE BI

Kamar yadda falke ya san zango-zango daga Paga zuwa Turaku, haka ya kamata a san zangunan iska, domin in ta ɓata a san inda za a nema.

A motocin Turai irin su DAF da MAN da Mercedes da Renault da Iveco, iska tana tashi daga kwamfaresa, ta bi ta bawul mai ƙayyade ƙarfi, ko diraya mai tace ruwa da mai in motar tana da ita, sa'an nan ta shiga bawul mai raba hanya huɗu. Hanya ta ɗaya da ta biyu na birkin ƙafa ne, gaba da baya. Ta uku ita ce ta birkin hannu da tirela. Ta huɗu ta ƙananan abubuwa ce kamar ham da kujera. Daga hanya ta uku iska ta je bawul ɗin hannu kusa da direba, shi kuma ya aika saƙo ta siririn tiyo zuwa bawul ɗin rile da ke can baya, rile ya buɗe babbar hanya zuwa tukwane. Tsofaffin motocin nan yawanci a wajen bar 8 suke yanke iska, sifirin kuma ba ya gama saki sai iska ta kai wajen bar 5 ko fiye.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, Turawa sun rubuta lamba a bakin kowace kafa ta bawul. A goge datti a duba. Lamba 1 mashigar iska ce, 2 mafita zuwa gaba, 3 inda ake zubarwa waje, 4 kuwa ta saƙo ce. A jikin tukunya mai ɗaki biyu, 11 na birkin ƙafa ne, 12 na sifirin. Wanda ya san wannan, ko bai taɓa ganin motar ba zai iya bin tiyonta.

Motocin Amurka irin su Mack, waɗanda 'yan'uwanmu na Nijeriya suka fi sabawa da su, dabarar ɗaya ce amma fasalin ya bambanta. Maɓalli mai ruwan ƙwai shi ne na birkin hannu, ja kuma na iskar tirela. Gejinsu da psi yake ƙirga, bar 1 kuwa ya yi daidai da psi 14 da rabi. Kwamfaresa tana yankewa a wajen psi 120 zuwa 130, ƙararrawa tana kuka in iska ta sauko wajen 60, maɓallin kuma yakan fito da kansa tsakanin 45 da 20. Tiyon tirela a tsarin Turai ja da ruwan ƙwai ne, a na Amurka ja da shuɗi. A duka biyun jan shi ne mai kai iska.

TAMBAYA TA FARKO: YAUSHE TAKE ZUBA?

Kafin kowa ya shiga ƙarƙashin mota, a sami wuri mai daidai, a kafa waigi gaba da baya, a cire makulli. Ba dutsen bakin hanya ba, katako mai kyau. Sa'an nan a cika tanki, a kashe inji, a yi shiru a saurara. Ba "ina take zuba" za a fara tambaya ba, a'a, "yaushe take zuba".

Idan tana zuba alhali birkin hannu a jaye yake kuma ba wanda ya taka ƙafa, to tukwanen kan mota ba su da laifi, domin a lokacin ba iska a cikinsu. A nema daga tanki zuwa bawul: bakin tanki, abin zubar da ruwa, diraya, mahaɗan tiyo, ko shi kansa bawul ɗin hannu in yana hurawa ta lamba 3.

Idan shiru ne sai an sauke birkin hannu ta fara, to matsalar tana tsakanin bawul ɗin hannu da ɗakin sifirin. Ko tiyon da ke zuwa lamba 12 ya goge a jikin shasi, ko robar ɗakin baya ta fashe, a nan za a ji iska na fita ta ƙananan ramukan jikin tukunya.

Idan kuwa sai an taka ƙafa take zuba, ba maganar birkin hannu ba ce, ɓangaren birkin ƙafa ne.

Sai kuma irin tamu, wadda ta fi cin kuɗin mutane. Tsakanin ɗakin baya da na gaba akwai sanda da ke ratsawa, da 'yar roba da ke hana iska wucewa. In wannan roba ta cinye, iskar da ke danne sifirin sai ta sulale zuwa ɗakin gaba, ta bi tiyon birkin ƙafa da baya-baya, ta je ta fita ta lamba 3 na bawul ɗin rile ko ma na bawul ɗin ƙafa a gaban mota. Mai kallo ya ga bawul na hurawa ya ce ya mutu. Gwajin mai sauƙi ne: da waigi a kafe, a kwance tiyon lamba 11 daga jikin tukunya, a sauke birkin hannu. In iska ta fito daga cikin tukunyar, ita ce. A gwada hagu, a gwada dama, ɗaya bayan ɗaya. Sifana guda ta isa.

Ƙaramar zuba da kunne ba ya ji, ruwan sabulu ke tona ta. A kaɗa shi ya yi kumfa a shafa a kowace mahaɗa, inda ya yi ƙwai-ƙwai nan ne. Ga kuma awon da ake koya wa direbobi a Amurka: tanki a cike, inji a kashe, birki a sake, kada allura ta sauka fiye da psi 2 a minti ɗaya ga mota ita kaɗai, ko psi 3 in tana da tirela. In an taka ƙafa an riƙe, 3 da 4. Ga mai gejin bar, wannan ɗan motsi ne da ƙyar ido zai gani. Motar da allurarta ke sauka kana kallo, ba ta kamata a loda mata rai ba.

IDAN YA ƘI SAKI

A fara da geji. Sau da yawa birki bai lalace ba, iska ce ba ta kai ba, direba kuma yana gaggawa. A wasu motocin hanya ta uku ba ta cika sai na birkin ƙafa sun samu, da gangan, don kada mota ta tashi ba birki. In geji ya cika amma bai saki ba, a bi zango-zango. A sassauta tiyon lamba 4 na rile a ga ko saƙo na zuwa daga bawul ɗin hannu. In yana zuwa, a duba ko akwai iska a lamba 1, sa'an nan ko tana fita ta lamba 2. Inda ta shiga ba ta fita ba, nan ne gizo ke saƙa.

In ƙafa ɗaya ce kaɗai ta riƙe, ba bawul ba ne, domin bawul ɗaya ke ciyar da su duka. A duba tiyon wannan ƙafa ko ya lanƙwashe, ko ƙarfen da ke juya layinin ya yi tsatsa don rashin giris. Idan kuma matsalar ta fara ne bayan an yi gyara, a duba ko an musanya 11 da 12. Yana faruwa, musamman aikin dare da tocilan. Shi ya sa masta ya ce duk tiyon da za a kwance a ɗaura masa alama tukuna, ko da tsumma mai launi ne.

IDAN YA ƘI KAMAWA

Wannan ya fi haɗari domin ba ya ƙara. Abu na farko, a leƙa bayan tukunya. A yawancin tsofaffin motoci in ka ga dogon noti ya fito zalo-zalo, sifirin a ɗaure yake. Na biyu, lamba 3 ta toshe, iska ba ta samun hanyar fita. Laka na yin haka, zanzaro ma yakan gina ɗakinsa a ciki in mota ta daɗe a ajiye. Na uku, sifirin ya karye saboda tsatsa. Na huɗu, layinin ya cinye ko ba a ja ajasta ba, sanda tana ƙure tafiyarta kafin ta matse. A tukunya mai lamba 30 ta gama-gari, in sanda na fita fiye da inci 2, watau wajen santimita 5, gyara ya wajaba. Na biyar, mai ya zubo daga cikin ƙafa ya jiƙa layinin.

Motocin shanu sun fi sauran fama da wannan, kuma dalili a fili yake. Fitsari da kashi da ruwan wanki duk ta ƙasan bodi suke tsiyaya, kan bawul da tukwane da mahaɗan ƙarfe. Ga laimar Ankara da Tema da iskar teku mai gishiri. Iskar da kwamfaresa ke matsewa tana tara ruwa a tanki, in kwamfaresar ta tsufa ta haɗa da baƙin mai, su zama kamar kunu su bi tiyo su kumbura robobi. Maganinsa ba kuɗi: a ja zoben ƙasan kowane tanki kullum a zubar. In ruwa ya yi yawa duk da akwai diraya, a canja gwangwaninta. In baƙin mai ne ke fita, kwamfaresa ce ke neman gyara, kuma ko bawul goma aka saya za ta sake kashe su.

ABUBUWA UKU DA BA A YI

Na ɗaya, ba a buɗe ɗakin sifirin. Ba a kwance ɗamararsa, ba a sa masa guduma, ba a sa wutar walda. Sifirin nan in ya kuɓuce yana kisa. Masu garajinmu su ja kunnen yara masu koyo. Tukunya in ta lalace, a ɗaure sifirinta da notinta, a cire ta ɗungurungum a sa wata, kuma kada a manta a saki notin sabuwar bayan an ɗaura.

Na biyu, ba a tafiya mai nisa da sifirin a ɗaure. An yi notin ne don a janye mota daga tsakiyar titi ko a kai ta gareji mafi kusa a hankali. In dole ta kama, mai laifin kaɗai za a ɗaure a toshe tiyonta, a bar sauran suna aiki, a kuma gaya wa duk wanda zai taɓa motar.

Na uku, ba a yi wa tiyon birki ɗaurin robar taya, ba a sa tiyon ruwa ko na fetur. Tiyon da ke fitowa daga kwamfaresa kuwa zafi gare shi, na ƙarfe ake sawa ko wanda aka yi don zafi, ba na roba ba.

Ga masu zuwa Abossey Okai ko Kokompe ko Magazin na Suame sayen kaya, a tafi da tsohon a hannu, a duba lambar da ke jikinsa, ko WABCO ne ko Knorr ko Bendix. Bawul biyu sukan yi kama a ido amma aikinsu daban. Zaren notin Turai da milimita ake auna shi, na Amurka da inci, in aka tilasta wani cikin wani zai shiga amma ba zai daina zuba ba. Tukwanen hagu da dama kuma su zama girma ɗaya. Araha dai ba ta ado.

KAFIN A LODA

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ba mu ce falke ya zama makanike ba, amma wanda zai ɗora dukiyar shekara a kan mota yana da ikon ya nemi minti goma. Takardar DVLA shaidar ranar da aka duba mota ce, mu kuwa lafiyar yau muke nema. A ce wa direba, cikin mutunci, "Masta, don Allah tayar mu gani." A ga geji ya cika ba da jan rai ba, a ji kwamfaresa ta yanke. A kafa waigi, a kashe inji, a sauke birkin hannu, a kalli allura minti ɗaya. A zagaya a leƙa bayan kowace tukunya. A ja zoben tanki a ga abin da zai fita. Sa'an nan a cire waigi, a ja birkin hannu, a sa giya a ɗan gwada ja a hankali, mota ta ƙi motsi. A motocin Turai da yawa sandar birkin hannu tana da wani matsayi gaba da na ajiyewa, wanda ke sakin tirela na ɗan lokaci don a ga ko kan mota shi kaɗai zai riƙe duka. Da direbanmu ya gwada wannan a Mamobi, da teburin mai koko na nan.

A kuma tambaya ko akwai guzuri a akwatin mota: tukunya guda cikakkiya, faifan roba, 'yan mitocin tiyo, mahaɗai, da waigi biyu na katako. Kuɗinsu duka bai kai cinyar bijimi ba. In direba ba shi da su, mu da muke haya mu haɗa mu saya, ai shanunmu ne a ciki.

Kada a manta, a hanyarmu birkin hannu ba ya hutawa. A tsaya wajen kwastan, a tsaya wajen likitocin dabbobi a Paga, a tsaya sikeli, a tsaya shinge, a tsaya salla. Shanu kuma ba buhu ba ne, suna motsi suna girgiza mota ko tana tsaye. A wurin lodi da saukewa, in mota ta ɗan matsa taki guda daga bakin tudu, ƙafar sa ce za ta faɗa ramin, ko ta yaron da ke kora. Saboda haka waigi dole ne ko birki na da lafiya. Bayan doguwar gangara kuma, in duram ya yi zafi ƙwarai, a nemi wuri mai daidai a kafa waigi a bari ya huce kafin a ja birkin hannu.

Daga ƙarshe muna roƙon masu gida da shugabannin tasha, a Turaku da Kumasi da kan iyaka, a sa wannan dubawa ta zama al'ada kamar yadda ake duba haƙori da kofato kafin a yi ciniki. Direbobinmu kuma kada su ɗauka raini ne, ai ransu ne a gaba kafin dukiyarmu. Mu ma mu rage matsa wa makanike lamba, domin sau da yawa idonmu da ya yi ja ne ke sa shi yin dabarar da ya san ba ta dace ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Wanda ya taɓa gamuwa da irin wannan a hanya, ko wani masta da ke da ƙarin bayani, ya aiko mana ta hannun sakataren reshensa, za mu buga don amfanin kowa. Allah Ya tsare hanya, Ya kai mu kasuwa lafiya, Ya sa albarka a nema. Wassalam.